HAWAN JINI MAI SAUƘI: ƘWAYA KO GYARAN TUKUNYA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na garinmu ya yi a babban taron ƙungiya a Difa. Kwamiti ya ce a buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, bulamomi da malamai, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kuka zo ganin gida daga Yamai da Damagaram da Agadas da Maiduguri da Ikko, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da hanya.

Kwamiti ya ɗora mini yin magana a kan hawan jini, wanda mu a nan muka fi kira tansiyo. Ni dai ba likita ba ne, mushen lakwal ne, alli ne kayan aikina. Abin da ya sa aka zaɓe ni shi ne takardun likita da faransanci ake rubuta su, to, in an ba tsoho takardar magani sai ya biyo ta lakwal a karanta masa. Yau da gobe sai na lura gardama ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu. Wasu sun ce ƙwayar nasara tarko ce, in ka fara sha ba ka bari sai ranar da aka kai ka, saboda haka gara mutum ya rage gishiri ya sha zoɓo ya dogara ga Allah. Wasu kuma, galibi masu albashi da ƴan birni, sun ce tun da akwai ƙwaya, a haɗiye ta da safe a ci abin da rai ke so. Wannan gardama ce nake so mu duba yau, amma fa a kan hawan jini mai sauƙi kaɗai, watau wanda bai yi nisa ba.

Mu fara da lambobi, domin nan ne ruɗu ke farawa. In amfirme ya ɗaura maka abin awo a dantse, lamba biyu zai faɗa, ta sama da ta ƙasa. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. A wajenmu sai a ce maka 14/9. In ka ƙetare Komadugu ka je Damasak ko Maiduguri sai a rubuta maka 140/90. Kada ka firgita ka ce jininka ya ninka sau goma a hanya, awo ɗaya ne, su da milimita suke ƙirga, mu da santimita. Bari in kira kowace lamba ɗaya ta wajenmu maki, kamar na ƴan lakwal. Mai lafiya yana wajen 12/8. Daga 14 zuwa ƙasa da 16 a sama, ko daga 9 zuwa ƙasa da 10 a ƙasa, shi ne ake kira mai sauƙi. Daga 16 abin ya wuce maganarmu ta yau, wannan ba shi da gardama, magani ne. In ya kai 18/11 kuwa, a ranar za a ga likita, ba a jira sai ranar kasuwa.

Kuma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Wanda ya taho da ƙafa cikin rana, ko ya gama tauna goro, ko ya sha shayi mai ƙarfi, ko gabansa na faɗuwa don ya ga farar riga, jininsa zai nuna sama. Sai ya zauna ya huta minti 5, a auna, a sake aunawa, kana ya komo wata rana a sake. In an samu 14/9 ko fiye a ranaku daban-daban, to an tabbata.

Wani zai ce, tun da mai sauƙi ne, mene ne na tara mutane? Sunan ne ke yaudara. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, kansa ba ya ciwo, alhali a ciki jijiyoyi suna shan wuya kamar tiyon injin ban ruwa da aka ƙure wa wuta shekara da shekaru. Ku masu gonakin tattasai kun san inda tiyo yake fashewa, wurin da ya fi rauni. A jikin mutum wuraren nan su ne ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa babba 1 cikin 3 a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Akwai kuma wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka fitar a 2018. An duba mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye, aka gwada su da masu lafiya, sai lissafi ya nuna kusan kashi 9 cikin 10 na wannan ciwo yana da nasaba da hawan jini. Abin nan da muke cewa iska ta bugi wane a bakin kogi, ya wayi gari baki a karkace, hannu ba ya ɗaguwa, mafi yawansa ke nan. A cikin binciken nan kuma an ga masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa sun fi kamuwa.

To, mu zo ga tukunya, a nan zan daɗe, domin mu mutanen ƙasar gishiri ne. Kakanninmu da mangul da kanwa suka ci kasuwa, daga kwaruruwan Maine da Gudumariya ake ɗaukar su a kai har Kano, ga ungurnu daga bakin tafki, ga gishirin Bilma yana saukowa bisa raƙuma. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa, in ka ce masa gishiri na cuta, kamar ka zagi gidansu ne. Amma OMS ta ce abin da ya kamata babba ya ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye cikin abinci.

Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce gida mai mutum 10. Uwargida ta zuba babban cokali 2 na gishiri a miyar dare, wajen giram 30 ke nan. Ta murje manyan dunƙulen magi 4, kowane giram 10 ne, kuma kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ga giram 20. An tashi da giram 50. A raba wa mutum 10, kowa ya samu giram 5. Ashe a miyar dare kaɗai an cinye rabon yini, ba a zo ga ɗumamen safe ba, ba a zo ga shinkafar rana ba, ba a ƙirga yajin da aka daka da gishiri da magi ba, balle burodi da sardin da tsire da kilishi.

Sai kanwa, wadda mutane ba su sa ta a lissafi sam, don ba ta da ɗanɗanon gishiri. Abin da ke tada jini a cikin gishiri wani sinadari ne da ake kira sodiyom, kanwa kuwa cike take da shi. Muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, muna sa ta a kuɓewa da kuka, tsofaffi suna haɗa ta da garin taba su dunƙula a baki, mai ciwon ciki yana jiƙa ta ya sha. Mafi nauyi shi ne kunun kanwa na mai jego. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun bi matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, suka danganta yawan abin a ƙasar Hausa da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Iyayenmu mata, ba cewa na yi ku bar kula da mai jego ba. Ku dama mata kunu da tsamiya ko da nono, kanwar ce za a janye, musamman ga wadda aka ce jininta ya hau lokacin da take da ciki.

Tattasai kuwa, bari in wanke shi a gaban masu shi: ba ya tada jini. Shi da albasa da tafarnuwa da citta da tumatir da lemun tsami su ne ma za su riƙe miya in an rage gishiri. Abin da masana ke kira abincin mai hawan jini, in ka duba, rabinsa a kwarin nan ake noma shi. A 1997 an gwada mutum 459 a Amurka, aka ba wasu abinci mai yawan ganye da ƴaƴan itace da nono marar maiƙo, aka rage musu kitse da zaƙi. Cikin mako 8, masu hawan jini a cikinsu lambarsu ta sama ta sauka da maki 1 da ɗan ɗoriya, kwatankwacin aikin ƙwaya guda. Mu fassara shi da harshen kasuwarmu: gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari fat ba, wake, zogale, rama, yakuwa, kabewa, kuɓewa, dankali, dabino, goriba, magarya, nonon da aka cire wa mai, da kifi ɗanye maimakon nama mai kitse. Waɗannan suna da wani sinadari, fotasiyom, wanda ke taimakon ƙoda ta fitar da gishiri.

A ƙasar Sin ma an yi gwaji a ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000, talakawa manoma masu dafa abinci a gida kamarmu. Rabin ƙauyukan aka musanya musu gishiri da wani wanda kashi ɗaya cikin huɗu nasa fotasiyom ne. Da aka fitar da sakamako a 2021, bayan kusan shekara 5, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa ta ragu da kashi 12. Ban kawo wannan don ku bazama neman irin gishirin nan ba, domin mai ciwon ƙoda ba ya shansa, kuma duk mun ji yadda ciwon ƙoda ya addabi mutanen Gashuwa, can sama a bakin kogin nan namu. Na kawo shi don ku ga ɗan canji a tukunyar gida yana rage gawa a ƙauye.

Masu zoɓo, ku ma kuna da ƴar gaskiyarku. A 2010 an gwada shi a Amurka a kan mutum 65, kofi 3 a yini har mako 6, lambar sama ta sauka da wajen rabin maki fiye da ta waɗanda ba su sha ba. Amma wannan zoɓo ne tsura, ba irin na ƙullin leda da aka cika wa sukari ba, kuma rabin maki ba zai sauko da mai 16 zuwa 13 ba. Mai ƙiba kuma in ya rage kilo 10 yana iya samun kusan maki 1. Manomi ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki, wannan gargaɗi na ƴan tebur ne da masu zaman kanti da direbobi, da mu malamai.

Yanzu ƙwaya. A nan ma akwai abin da ya kamata a faɗa muku tsakani da Allah. A Ingila an bi mutum 17,354 masu hawan jini mai sauƙi, ƴan shekara 35 zuwa 64, rabi suna shan magani, rabi suna shan ƙwayar da ba kome a cikinta. Da aka buga sakamako a 1985, shanyewar jiki ta ragu da kusan rabi a wajen masu shan magani. Amma masu binciken da kansu suka yi lissafi suka ce sai mutum 850 sun sha maganin shekara guda kafin a kuɓutar da mutum ɗaya. Masu ƙin ƙwaya suna son wannan lamba ƙwarai. Sai dai a ci gaba da lissafin: 850 a shekara 1 daidai yake da 85 a shekara 10, kuma ciwon nan zama yake yi da mutum shekara 20 ko 30. Sa'an nan waɗancan turawa ne masu asibiti a bakin ƙofa. Baƙar fata gishiri ya fi tada masa jini, shanyewar jiki kuma ta fi samunsa da sauran ƙarfinsa, yana da ƴaƴa ƙanana. Wanda ya faɗi a Geskeru ko Boso ko Tumur, kafin a samo mota a kawo shi babban asibitin Difa an yi asarar sa'o'in da suka fi tsada. Abin da na fahimta shi ne, amfanin ƙwaya ƙarami ne ga saurayi mai 14 wanda ba shi da wani ciwo, babba ne ga dattijo mai 15 da ke da ciwon sukari ko yake shan taba.

Akwai gwajin da ya aza abu biyun nan a sikeli ɗaya, shi ne ya fi kusa da gardamarmu. A Amurka aka yi shi, aka fitar a 1993, mutum 902 masu hawan jini mai sauƙi, aka bi su fiye da shekara 4. Dukansu an sa su rage gishiri da ƙiba da giya, su riƙa motsa jiki. Wasu aka bar su a haka, wasu aka ƙara musu ƙwaya. Masu gyaran abinci kaɗai lambarsu ta sama ta sauka da kusan maki 1. Waɗanda suka haɗa da ƙwaya ta sauka da maki 1 da rabi da ɗan ɗoriya. Ku lura da kyau, ba a samu rukunin da aka ce ya sha ƙwaya ya ci abin da ya ga dama ba. A kan gyaran abinci aka ɗora ƙwayar.

Saboda haka ga inda na tsaya, kuma likita ne zai yanke wa kowa nasa. Mai 14 ko 15 wanda bai tsufa ba, ba shi da ciwon sukari, ko na ƙoda, ko na zuciya, bai taɓa shanyewa ba, likitocin Turai a ƙa'idarsu ta 2018 sun yarda ya gwada gyaran abinci wata 3 zuwa 6, ana aunawa. In ya sauka ƙasa da 14/9, madalla, ya riƙe hakan. In bai sauka ba, ya karɓi ƙwaya, kada ya tsaya taurin kai. OMS ma a 2021 ta ce duk wanda aka tabbatar yana da 14/9 ya cancanci magani, mai ciwon zuciya ko sukari ko ƙoda kuwa tun daga 13. Wata shidan nan wa'adi ne, ranar cikarsa a rubuce take. Abin da nake gani a garinmu, mutum ya ce yana gwada abinci, shekara 3 ta wuce bai sake miƙa hannu an auna ba, miyar gidansa kuma tana nan yadda take.

Zancen cewa in ka fara ba ka bari, gaskiya ne yawancin mutane ba su bari, amma ba don ƙwayar ta kama su kamar taba ba. Ciwon ne ba ya warkewa, danne shi ake yi. Ranar da ka bari, jini ya koma inda yake. Mafi muni shi ne abin da muka saba, a sha kwana 10, a ji garau, a ajiye sauran sai ranar da kai ya yi ciwo. Ƙwaya 365 ce a shekara, kuma kyautar magani da gwamnati ta kawo tun 2006 ta yara ce ƴan ƙasa da shekara 5 da awon masu ciki, ba ta shafi ƙwayar dattijo ba. Wannan nauyi ne na gaske a ƙasar da tun harin Fabrairu 2015 aka hana cinikin tattasai har 2017, aka hana su har 2019, mutane da yawa suka bar gonakinsu suka koma bakin kwalta suna cin abin da aka ba su, ga ambaliyar 2019 da ta 2022. Wanda ke zaune a rumfar zana ba za a ce masa ya ci ƴaƴan itace kullum ba. Amma rage gishiri da magi da kanwa ba ya cin ko dala, ragi ma yake kawowa.

Game da irin ƙwayar, wani gwaji da wani likitan zuciya na Abuja, Dike Ojji, ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka fitar a 2019, ya nuna haɗin da ke da maganin nan da ake rubuta amlodipine a kwalinsa ya fi sauko da jinin baƙar fata. Shi kan kumbura wa wasu ƙafa. Mai sa fitsari, hydrochlorothiazide, yana bukatar hattara a watannin zafi da lokacin azumi. Masu suna irin captopril kan sa busasshen tari, kuma mace mai ciki ba ta shansu ko kaɗan. Duk wanda ya ga irin haka ya koma a canja masa, kada ya bari da kansa, kada kuma ya ari ta maƙwabci. Mai azumi ya tambaya a mayar masa da lokacin sha zuwa buɗa baki ko sahur. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla a tire cikin rana, irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma ke haɗiya bayan wunin ban ruwa, suna tada jini suna kuma cin ƙoda.

Maigida, wannan taka ce. Tukunya ɗaya ake dafawa a gidajenmu, kuma mace ba za ta rage gishiri ba muddin ta san za a ture kwano a ce miyarta lami, ko a gwada ta da ta kishiya. Kai za ka faɗa da bakinka, a gaban kowa. A rage kaɗan-kaɗan, magi 4 ya koma 3, ya koma 2, cikin ƴan makonni harshe ya saba. Kada a ware wa tsoho tasa miyar daban kamar mai laifi, a rage wa gida duka, yara ma ribarsu ce. Ɗan gishirin da za a sa kuma ya zama mai iyod, saboda maƙoƙo.

Ku ƴan'uwa na birni, ku ne kuka fi kowa cin abincin bakin titi, taliyar leda da burodi da lemun kwalba, saboda haka ku fara auna naku kafin ku yi wa tsofaffi faɗa. In za ku yi aike, kada ku sayo wata ƙwaya a kasuwa don wani ya ce ta yi masa aiki. Ku nemi a karanta muku sunan wadda likita ya rubuta wa Baba ko Inna, ku sayi ta wata 3 a farmasi, ko ku aiko da kuɗinta a ware, ga hannun mutum ɗaya da aka sani.

Ina roƙon kwamiti abu biyu. Na farko, a fitar da kuɗi daga asusu a sayi abin awo na dantse mai batir guda 2, ɗaya na maza ɗaya na mata, mu roƙi amfirme ya koya wa matasa huɗu yadda ake ɗaura shi. Na biyu, a sayi kaye guda, duk wanda ya kai shekara 40 a rubuta sunansa da lambarsa da ranar awo, wanda aka samu da 14/9 sau biyu a ba shi takarda ya kai likita. Rubutun kayen na ɗauka, ranar da ba lakwal. Shugaba, na mayar maka da magana, sai a ji ta bakin ma'aji.